Man Shanu a Ƙarƙashin Tuwo

Mazan gidan babana ba sa tsufa. Dogaye ne sirara kamar karan dawa, kuma yawancinsu da ɗan tabo rawaya a fatar ido, wanda mutanen Pauwa ke ce wa tambarin arziki. Wan babana a kasuwar Ƙanƙara ya faɗi, yana cikin taya akuya. Ƙanensa a kan kunya ya faɗi, da fartanya a hannu. Aka ce jifa ne, aka ce iska ce, aka sha rubutu, kowa ya yi shiru.

Dangin Innata kuwa Fulanin gefen Damari ne, su sai sun gaji da duniya don kansu suke barin ta. Kakana na wajen uwa, wanda Inna ke ce wa Baffa, ya manta shekarunsa, amma bai manta ludayinsa na man shanu ba kowace safiya. Duk damina akan kai ni wurinsu, kuma har yau in na rufe ido can nake samun kaina: inuwar manyan itatuwa, raɓa har gwiwa, fararen shanu suna ratsowa a hankali kamar ba sa taka ƙasa. Kakata na zaune tana kaɗa nono a gora, ni ina kwance a cinyarta, barci na ɗauka ta yana saki. In za mu dawo sai ta cika mana ƙwarya da mai, ta rufe da faifai.

Da wannan mai Inna take taƙama a cikin matan unguwa. Takan soya shi da albasa har ƙanshin ya tsallake katanga uku. A wurinta, macen da ta kai wa mijinta tuwo babu mai a kai ta tona wa gidan ubanta asiri.

Ina 'yar shekara goma sha biyu kuɗi suka shigo ƙasa, aka ce an haƙo mai a kudu. Ni da ban san wani mai ba sai namu, na daɗe ina mamakin yawan shanun mutanen kudu. Baba ya sayar da auduga a Faskari, ya sayi babur da rediyo, ya rufe ɗaki biyu da kwano. Nama da muke gani daga salla sai salla ya zama na kowace kasuwa. A cikin wannan daɗin ne Baba ya fara tsayawa a hanyar gona, ya dafe ƙirji, ya ce yana kallon hadari.

Da abin ya yi yawa ya hau babur ya tafi babban asibiti. Ya dawo da la'asar, ina tankaɗe a tsakar gida, ya zauna yana ba Inna labari. Likitan baƙo ne daga wata ƙasa mai nisa, sai da tafinta. Ya duba fatar idon Baba, ya latsa masa agara, ya tambayi su wa suka mutu a gidansu, a shekara nawa. Sannan ya ɗebi jini.

"Ya ce kitse ne ya yi mani yawa cikin jini," in ji Baba. "Gado ne. Ba ni ba man shanu, ba ni ba nama mai kitse."

Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Kitse? Malam, ina kitsen yake? Kai da iska ke kaɗawa! Baffana kau da ke shan mai da ludayi, mi ya same shi?"

"Na hwaɗa mashi. Ya ce kowane iri da nashi jini. Naku shina narka mai, namu shina tara shi. Ya ce a ƙasarsu ma akwai gidaje haka."

"To, Allah shi kyauta," Inna ta ce. Amma na ga bakinta ne kawai ya yarda.

Sati guda tana aika masa tuwo da miyar kuka babu mai, tana kallon ƙashin wuyansa tana tsaki. A rana ta takwas na shiga madafa na tarar da ita ta kife malmala a tafin hannu, ta huda gindinta da babban yatsa, ta zuba mai a ramin, ta toshe, ta mayar cikin akushi. Sama fari fat, babu maiƙo ko ɗigo. Ta ɗago ta gan ni.

"Ɗiyata, yunwa za su kashe mani shi da ita. Mutum ya rame haka a ce kitse? Ki yi shiru."

Ni ce mai kai akushin kullum. Ina son Inna, ina tsoron maganar likita, kuma ban san wanne ne zai kashe mini uba ba, man ko rashinsa. Baba yakan ci, ya lashe yatsu suna ƙyalli, ya ce, "Uwata, tuwon Innarki ko ba mai shina da daɗi." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin faɗa. Ya goya ni a babur za mu Faskari, gonakin auduga sun yi fari dama da hagu, iska na cika mini baki. Na kwantar da kai a bayansa, ina jin zuciyarsa tana bugawa a kunnena.

"Baba, tuwon nan da nike kai maka..."

"Riƙe ni da kyau, uwata," ya ce. "Ga rami nan gaba."

Ban ga rami ba, ban kuma sake tayar da maganar ba.

Kaka biyu bayan nan, da hantsi, masu tsinkar auduga suka ga Baba zaune a gindin ɗorawa, hula a gwiwa. Sun ɗauka hutawa yake, suka gama layinsu kafin su je gaishe shi. Ashe rai ya yi halinsa.

Na girma, aka auna nawa jinin a birni, aka ce na Baba na ɗauko ban ɗauko na Inna ba. Ina shan ƙwaya kullum, ga ni da furfura. Na tambayi likitata a fakaice, ta ce irin wannan gadon ko an bar mai gaba ɗaya ba ya sakin mutum sai da magani, kuma a wancan zamani maganin bai iso ba. Wasu ranaku maganar nan takan ishe ni, wasu ranaku ba ta isa ta.

Amma a lokacin ba wanda ya san haka. Inna na cikin takaba, baƙi sun watse, muna zaune mu biyu a inuwar rumbu tana jan carbi. Can sai ta tsaya, ta dube ni da idanu jajur.

"Ke kaɗai kika ga abin da nike zubawa," ta ce. "Hwaɗa mani gaskiya. Ko dai ya yi kaɗan ne? Da na ƙara mashi, da ya samu ƙarfin jiki?"



"Ya isa, Inna," na ce. "Wallahi ya isa."