Ta Ƙarƙashin Rumbun Baffa

Damina ta rushe ɗakin Inna, muka gina mata sabo a can ƙuryar gida, bayan rumbun Baffa. Ɗaki ya yi kyau, sai dai babu wuta. Mita na jikin zaure, Inna kuwa tana ƙarshen duniya. Bazara ta shigo, ga ta da ciwon ƙirji. In zafi ya taso sai ka ji numfashinta kamar ana zuga zugazugi. Fanka take buƙata, ba "Allah ya sawwaƙe" da kowa ke ajiye mata a bakin ƙofa ba.

Ni ce 'yar farinta. Don kunya ba ta kiran sunana, ba ta ma yarda mu haɗa ido. Amma ni nake jin wannan numfashin.

Na ɗauko wani mai wayarin, mai haɗa wutar lantarki, daga Ɗambatta. Ya duba, ya ce a kafa sanda a ja waya ta sama. Bai rufe baki ba Baffa ya fito. Ƙanin mahaifina ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba.

"Waya ba za ta bi ta kan rumbuna ba," in ji shi. "Jinka ce a sama, gero a ciki. In ta yi tartsatsi ke za ki ciyar da mu?"

Tsoron gobara gaskiya ne. Amma tun kaka nake kai masa maganar wutar nan yana ce mini sai an ga hali, kuma rumbun ya tokare lungun, babu wata hanya sai nan. Raina ya ɓaci. Na durƙusa.

"Baffa, ta kan rumbun ka ce ko?"

"Ta kai na ce. Kurma ce ke?"

"To, na ji."

Rumbu dai a kan duwatsu yake zaune, ƙarƙashinsa kaji ke shan inuwa. Na tambayi mai wayarin ko waya na tafiya a ƙasa. Ya ce sosai ma: a haƙa rami zurfin gwiwa, a zura ta cikin bututun roba, ban da mahaɗi ko ɗaya a ciki, a zuba yashi, a jera fasassun bulo a kai saboda mai haƙa na gaba. Ya ce in bi tsakiya, kada in taɓa gindin duwatsun. Shi haɗawa ce aikinsa, ba haƙa ba.

Samarin gidan duk suka noƙe, kowa na tsoron Baffa. Na aro diga. Ƙasar bazara ba ta da mutunci. Da yamma in kwarara mata ruwa, da safe in sara. Matan gida suna leƙe suna dariya.

"Kabarin wa ake haƙa?"

"Na zafi," na ce. "Ku zo jana'iza."

Da na iso rumbun, na kwanta rub da ciki da 'yar fartanya, ina yakutar ƙasa cikin kashin kaji. Sai ga ƙafafun Baffa a gabana.

"Me na ce miki?"

"Ta kai ka ce, Baffa. Wannan ta ƙasa ce, hanyar kaji."

Magana zarar bunu ce, shi kuma ba mai lashe amansa ba ne. Ya kaɗa riga ya tafi. Har aka yanke gero bai amsa gaisuwata ba. Ban fasa gaishe shi ba, ban kuma ba shi haƙuri ba.

Mai wayarin ya dawo ya haɗa, muka zauna jiran a kawo wuta. Ranar da aka kawo, ana kiran magariba, ƙwan lantarki ya haska, fanka ta fara juyi. Na tsaya ina jiran Inna ta ɗaga kai ta kalle ta.

Ba ta kalli fankar ba. Hannuwana ta kamo, ta juya su a cikin hasken, duk sun yi bororo sun fashe. Ta daɗe tana dubawa, numfashinta na sauka a hankali.

"Ke," ta ce, "miƙo man kaɗen can."

Da kanta ta shafa mini.