Inabin Kurmi a Kasuwar Ataba

Ni ba mai fita ba ce. Tun da maigidana ya kawo ni Alƙahira, iyakata bakin titinmu. Inna ce ta daina cin abinci, shi ya fitar da ni.

Mun ɗauko ta daga gida don jinyar hanta. Likita ya ce in ba ta ci ba, jikinta ba zai ɗauki magani ba. Na dama kunu, na tuƙa tuwo mai laushi, ta kau da kai.

"Inna, don Allah ko cokali ɗaya."

"Ke 'yar nan, bakina ɗaci. In da inabin kurmi ne..."

Haka muke kiransa a garinmu. Ƙaramin itace ne na bakin rafi, inda inuwa ba ta barin ƙasa ta bushe. Ganyensa kamar tafin hannu, bayansa kaushi, in ka murza sai ƙamshi mai tsami. 'Ya'yan zangarniya-zangarniya, su yi ja sannan su yi baƙi. Ana shanya su a jiƙa wa wanda zazzaɓi ya kashe wa baki, ganyen kuma a dafa wa mai gudawa. Akwai wani mai kama da shi, mai santsin ganye, wanda ko awaki ba sa taɓawa. Da ganye muke rarrabe su.

Na shiga jirgin ƙasa na metro ni kaɗai, har kasuwar Ataba. Wajen masu kayan ƙamshi na tarar da komai busasshe a buhu, babu ganye ko ɗaya. Larabcina na cefane ne. Na buɗe tafin hannu ina nunawa, na tsuke baki alamar tsami. Wani dattijo ya miƙo zabibi. Na girgiza kai. Ya miƙo zoɓo. Sai kawai na fashe da kuka a gaban mutane.

"Ma'alish, ya hajja," ya ce, wato in yi haƙuri. Ya jawo wani gwangwani mai ƙananan jajayen 'ya'ya, ya tauna ɗaya a gabana kafin ya ba ni. Tsamin ya kusa, bai kai ba.

Da na koma gida na jiƙa, na tace, na tallafo kan Inna. Ta kurɓa, ta daɗe da shi a baki.

"Wa ya ce miki wannan ne?"

"Babu wanda ya ce, Inna."

"Ba shi ba ne." Ta rufe ido. Har na fara janye kofin, ta riƙe mini hannu. "Ina za ki kai shi? Zuba mini a kunun."