Injin da Bakomai Ya Cinye

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin kafintoci. Kowa Bakomai yake ce masa, don ita ce amsarsa ga komai. Ka kawo katako a tsaga maka kuɗinka bai cika ba, ba komai. Ƙanin matarsa ya zo da kukan kuɗin haya, ba komai. Shekara ashirin da biyu yana da injin tsaga katako guda ɗaya a ƙarshen layin, da ma'aikata huɗu waɗanda ba a ɗora tukunya a gidajensu sai injin nan ya yi ƙara.

Lissafinsa ko yaro ya gane shi. Ƙarshen wata ya zauna a benci, ya hure garin katako daga kan littafi, ya cire albashi, ya cire kuɗin wuta da haya da gyara. Abin da ya saura sunansa riba, riba kuwa ai ta ci ce. Da ita ya yi wa 'ya'ya uku makaranta, ya yi jinyar mahaifiyarsa, ya goya dangi har da waɗanda ba su san hanyar shagon ba. Kar a ce almubazzari ne, mutumin da takalminsa ya sha ɗinki har mai gyaran ya gaji da shi. A kan ribar nan yake biyan haraji cif, ba ya jiran a tuna masa, ya liƙa rasit a bango yana yi wa maƙwabta gori.

Wata Talata da hantsi injin ya yi wani irin gurnani, ya tsaya. Bakanike ya wuni a ƙarƙashinsa, ya fito yana goge hannu.

"Maigida, wannan ba ciwo ba ne, tsufa ne. Ko na ɗaure shi, ba zai kai sati ba."

Da Bakomai ya ji kuɗin sabo, ya ga sun fi ƙarfinsa, ya nufi banki. Banki suka tambayi abin jingina, ya ce inji, suka dube shi da tausayi. Dangin da ya goya kuwa, kowa wayarsa ta lalace a sati guda. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Ma'aikatan nan huɗu kullum sai sun zo, su share shagon da ba a ɓata ba, su zauna suna satar kallonsa.

Ya kwashi littattafansa ya tafi ofishin haraji, roƙon a ɗaga masa na bana. Ma'aikaciyar da ta karɓe shi ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta yi ta buɗe shafuka, can ta ɗago.

"Baba, ina kuɗin tsufan inji?"

"Inji har kuɗin tsufa gare shi?"

"Gare shi mana. Injin da zai yi shekara ashirin, duk shekara kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗinsa yana ƙarewa, ko ka gani ko ba ka gani ba. Wannan kason ba riba ba ne, jarinka ne yake narkewa. Cire shi ake yi tukuna, mai dabara ya adana shi don sayen wani. Kuma ba a biyan haraji a kansa."



"'Yata, wato duk shekarun nan injina nake ci?"

Ta sunkuyar da kai.

"Har ina zuwa nan da ƙafata ina biya muku a kan cinsa?"

"Harajin 'yan shekarun baya za a iya dubawa a mayar maka, Baba. Amma gaskiya ba zai sayi inji ba."

A hanya ya so ya ji haushin wani, ya rasa wa. Ba wanda ya cuce shi, ba wanda ya sace masa ko sisi. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ranar Asabar, ya saye injin a kan nauyinsa. Bakomai ya kasa kuɗin kashi huɗu a kan benci, bai ɗauki ko ɗaya ba. Uku daga cikin ma'aikatan suka karɓa, suka yi godiya, suka fita ba su waiwaya ba. Babbansu, wanda tare suka sauke injin daga mota ranar da aka kawo shi, ya tsaya yana juya nasa a hannu.

"Maigida, a rubuta mini takarda, a ce na iya aiki."

Bakomai ya yago shafi daga littafin lissafi ya fara rubutu. Mutumin ya matso, ya rage murya.

"Amma kar ka sa shekaruna. In suka gani, ba mai ɗaukata."