Doguwar Sanda da Gajera a Bakin Tabki

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka kama hanyar wani tabki don kamun kifi, mu uku: ni da surukina da wani abokina mutumin Nijar, direban babbar mota. Dalilin tafiyar shi ne surukin nawa. Sati uku ke nan da zuwansa Greensboro daga Yauri, shi da Mama, don matata ta kusa haihuwa. Mama ta saba da wurin, shi kuwa ya ƙi sabawa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sana'ar su a kogi, ga shi a hawa na biyu, daga kujera sai taga. Ran Laraba ya ce a canza masa tikiti, ba zai jira suna ba. Matata ta yi kuka a kicin, ta ce in san yadda zan yi.

A Gate City Boulevard muka tsaya shan mai, kantunan Larabawa da na Indiyawa duk a rufe. Na sayo kofi da burodi mai zaƙi. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ce wannan ruwan ƙanzo ne, ya ajiye. Daga nan muka yi kudu, tafiyar kusan awa ɗaya, titi sumul, dogayen itatuwa hagu da dama, ga coci a kusan kowace kwana. Ina tuƙi ina leƙen waya. Likita ya ce sauran kwana goma, amma zuciyata ba ta yarda da lissafinsa ba.

Tun daren Juma'a na ciro mana lasisin kamun kifi ta waya. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Kifin ma sai da takarda?"

Tabkin babba ne, masu kwale-kwale mai inji sun riga sun bazu. Mu a baki muka tsaya. Kifin da muka zo nema sunansa bas, yana ɗan kama da ƙaramin giwan ruwa, kuma da tanar roba ake yaudararsa. Sandata ta kamun kifi sabuwa ce, ƙafa biyar da rabi, na zaɓe ta ne kawai don ta shiga but ɗin mota. Ta abokina ƙafa bakwai da 'yan kai, sai da muka kwantar da kujera. Ya nuna mana wani mataccen itace da ya kwanta can cikin ruwa, ya ce a gindinsa kifin ke laɓewa.

Na yi jifa iya ƙarfina, ƙugiyar ta faɗi da nisa kafin itacen. Na sake, na sake, har kafaɗata ta fara zafi. Abokina ya ɗan kaɗa hannu kawai, tasa ta wuce itacen.

"To, ba ƙarfi ba ne," in ji shi. "In sanda ta yi tsawo, kanta ya fi gudu, kuma tana lanƙwashewa ta harba maka. Taka sai dai kusa."

Ban iya tsayawa wuri ɗaya ba. Na yi gaba, na dawo, na hau dutse, na sauko, waya ta yi ƙara na zabura, ashe talla ce. A ƙarƙashin wasu itatuwa masu rassa ƙasa-ƙasa ne gajerata ta yi rana: ina saka ƙugiya daidai inda na so, shi kuwa abokina da ya biyo ni sau biyu yana maƙale reshe. Na kamo ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba, na mayar.

Duk wannan Baba na tsugune yana kallon ruwa, hannu a baya. Can ya miƙe ya ce da abokina, "Kifin ba ya gindin itacen. Dubi inda ruwan ya canza launi, can gaba. Rami ne. Ba ni sandar."

Jifansa na farko zaren ya cukurkuɗe, muka ɓata minti goma muna warwara. Na biyu ya faɗi gefe. A na uku ya juya ƙugu kamar mai jefa birgi, ragar masunta, ƙugiyar ta tafi har inda ya nuna. Bai daɗe ba sandar ta lanƙwashe. Ya shiga ruwa har gwiwa da wandonsa, yana ja yana saki. Kifin ya yi tsalle, muka gan shi sarai, ya kai tsawon damtse. Sai zaren ya tsinke.

Baba ya daɗe a tsaye cikin ruwan. Da ya fito ya ce laifinsa ne, ya matsa masa da wuri. Daga nan bakinsa ya buɗe: yadda ake gane rami, yadda iska ke kora ƙananan kifi baki, yadda mahaifinsa ya koya masa. Kafin azahar ya kama biyu matsakaita. Abokina ya ce a nan yawanci hoto ake ɗauka a mayar da su. Baba ya dube shi, ya saka su cikin kula ya rufe.

Mun iso gida bayan la'asar, matata lafiya lau, tana yanka albasa. Ta tambayi Baba maganar tikiti a hankali. Ya ce a bari sai bayan suna, sannan ya juyo gare ni: "Ran Litinin ka kai ni inda ake sayar da doguwar. Da zare mai kauri."

Abin da na ƙaru da shi: in daga baki za ka yi jifa, sayi doguwa, gajera ta ƙarƙashin itace ce. Na kuma gane sati uku muna ba Baba abinci da magani, ba wanda ya tambaye shi abin da ya sani.