Hannun da Ke Gefen Kalanda

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta bi mijinta tsallaken kogi tana da ƙuruciya, ya rasu bayan shekara huɗu, ita kuma ta ƙi dawowa. Shekara ashirin da shida ta yi tana sharar titi a babban birnin can, daga tashar jirgin ƙasa zuwa ƙofar asibiti, kafin tsufa ya dawo da ita gida. A gidanmu ba a taɓa faɗin haka ba. In baƙo ya tambaya, sai a ce, "Tana aikin gwamnati," a yi maza a miƙa masa ruwa.

Ni ke riƙe da littafin gidanmu wanda kakanmu ya fara: haihuwa, aure, mutuwa da sana'ar kowa. Bara Baffa, autan su Gwaggo, ya ce za a buga shi a raba wa dangi, kuma a shafinta in sa "ma'aikaciyar ofis". Na sa. Har yau ina jin haushin hannuna.

Ranar da aka taru a falon Baffa don in karanta musu, mijin yayata ya zo da tsarabar kalanda mai hotunan birnin can. Kwas na wata uku ya yi a tsallake, tun daga nan muke kiransa Ɗan Can, don ko ruwa ya sha sai ya ce na can ya fi sanyi. Kafin in buɗe littafi ya buɗe baki. Can masana'antu, can motar haya ba ta makara, can asibiti kamar otal.

"Mu nan me muke da shi? Duwatsu da iska," in ji shi.

"Iskar ma ai abu ce," in ji mahaifina.

"Baba, ko tsinke ba ka gani a titinsu. Su tsabta a jininsu take. Mu kuwa ƙazanta muka gada."

Gwaggo na zaune a tabarma kusa da ƙofa, don kujera na tayar mata da ciwon baya. Ta ce, "'Yar nan, miƙo min takardar."

Ta yi ta buɗawa har ta kai watan uku. Titi ne mai faɗi, bishiyoyi a jere, benaye na ƙyalli. Can ƙasa a gefe akwai tsintsiya mai dogon mariƙi, da hannu da mai hoto ya yanke daga wuyan hannu. Ƙaramin yatsansa a karkace yake. Gwaggo ta ɗora nata hannun a kusa da shi. Nata yatsan ma haka yake a karkace.

"Ɗana, da kana can, ƙarfe nawa kake fitowa?"

"Takwas, Gwaggo."

"To mu ƙarfe biyar muke farawa. Mu goma sha huɗu ne a layin nan, sha ɗaya 'yan nan gefenmu ne. Masu gadon ƙazanta." Ta yi tari, ta ci gaba. "Asibitinsu ya fi namu, ban ƙaryata ka ba. Su suka ɗora min yatsan nan da amalanken shara ya karya, ga shi kuwa sun ɗora shi yana kallon gabas. Amma ka shiga bayan masana'antun? Ɗaki tara, famfo ɗaya. Can na kwaso tarin nan. Ba a sa unguwarmu a wata ko ɗaya ba. Iskar da kake rainawa ita ke riƙe da ni yanzu."

Ɗan Can ya shiga gyaran agogonsa. Yayata ta ce, "Yau dai ruwan nan gida ya yi maka sanyi."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta juyo gare ni. "Karanta min nawa."

Ba ta iya karatu ba, da na so sai in yi mata ƙarya. Na karanta yadda yake.

"Wane ofis?"

"Yaya, don mutuncinki ne," in ji Baffa. "Jikoki za su karanta."

"Mutuncina ko naka? Takalmin da ka shiga sakandare da shi, ofis ne ya saya maka? Mai hoto baƙo ne, ya yanke ni ya bar hannu. Kai da na goya, har hannun za ka cire?"

Baffa ya tashi ya fita, wai zai duba mota. Ban jira dawowarsa ba. Na ja layi a kan rubutuna, da ƙarfi har takardar ta huje.

An buga littafin. Baffa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, ban kuma ba shi haƙuri ba. Shafi na goma sha tara yana nan yadda ta faɗa min, kalma bayan kalma: "Mai sharar titi, shekara ashirin da shida, daga tasha zuwa asibiti. Sau biyu ta makara: ranar ambaliya, da ranar da yatsanta ya karye."