Magen da Na Yi wa Jinya

A shekarun da na yi aiki a gidan kula da magunan titi na baladiyya, wato hukumar birnin Jidda, can unguwar Khumra bayan ɗakunan ajiyar kaya, ba wanda na ji haushinsa kamar abokin aikina. Haifaffen Jidda ne, ɗan unguwar Bani Malik, kakanninsa suka zo hajji suka zauna. Bai taɓa yi mini komai ba. Aikinsa ne kawai ya fi nawa farin jini.

Likitan gidan, wani Basudane da ba ya wasa da tsafta, ya raba aikin gida biyu. Duk magen da aka tsinto sai ta fara zama a ɗakin jinya, kuma mai shiga ɗakin ba ya taka na masu lafiya, don kada ya kwasar musu cuta. Ni aka ba wa ɗakin jinya. Ni ne mai danne mage a yi mata allura, ni ne mai ɗura magani da wanke gyambo. Shi kuwa gogan naka sai ya shigo da kwanon kifi yana fito, maguna na goga masa jiki kamar ya dawo daga tafiya.

Wata rana aka kawo wata 'yar mage ruwan toka daga unguwar Bagdadiyya, fankar injin mota ta yanke ta a cinya, idanunta sun manne da kwantsa. Likita ya duba ya girgiza kai. Na roƙe shi ya bar mini ita, ya ce in gwada. Da sirinji na riƙa ba ta madara. Na wanke ciwon safe da yamma, tana ihu tana yagar hannuna, har yau tabon na nan. Ranar hutuna ma sai na zo, don ban yarda da hannun kowa ba. A raina na riga na gama shawara: in ta warke ɗakina za ta, domin a lokacin iyalina na gida, ni kaɗai nake kwana nake tashi.

Ta warke, ta yi ɓul-ɓul, aka mayar da ita ɗakin masu lafiya inda ba ni da ikon shiga. Ta gilashin ƙofa nake leƙenta. Kafin sati ya zagayo na gan ta a kafaɗar abokina tana lasar kunnensa, yana yi mata Larabci. Wallahi ji na yi kamar na haɗiye garwashi. Shi da bai san warin gyambonta ba!

Na je wa likita da maganar ɗaukarta, ashe abokin nawa ma ya riga ya nema. Likita ya ce ƙa'idar gidan ba ta canzawa, ko ga baƙo ko ga ma'aikaci: a ajiye mage a tsakar ɗaki, ba a ba da ita ga wanda take gudu. Ran nan na yi wanka, na canza kaya, har man kifin gwangwani na shafa a yatsuna, ban ji kunya ba. Na tsuguna na kira ta. Ta dube ni, ta kwantar da kunnuwa, ta yi mini huci, ta ruga ta shige tsakanin ƙafafun abokina. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ɗan'uwa." Da dariya ya yi da ta fi mini sauƙi.

Na daɗe ba na cin abincin rana tare da shi. Kullum kuma sai ya kawo labarinta: ta hau labule, uwarsa ta saya mata ƙararrawa. Ina cewa masha Allah, zuciyata na tafasa.

Bayan wasu watanni ya same ni a bakin famfo ina wanke keji, yana ta kame-kame. Ciwon ido ya dawo mata, likita ya ba da maganin ɗigawa, kuma sai an danne ta.

"Ka zo gida ka sa mata, don Allah," in ji shi. "Kai ta riga ta tsane ka, halas, shi ke nan. Kada ni ma ta tsane ni."

Na dube shi. Sai na ji kaina ina tambayarsa motar da ke zuwa Bani Malik.