Waƙar da Na Kai Yekuwa

Shekarar da na faɗi jarrabawar fita koleji, kwana goma na yi a Magariya na kasa zuwa Yekuwa. A can 'yar kawuna take, wadda aka yi mana baiko, kuma gidansu kowa ya riga ya fara kirana mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, don sun ɗauka malamin lakwal, wato makarantar boko, zan zama.

Kusa da ɗakin da nake kwana akwai mai gyaran rediyo. Ya samo wani kaset daga Kano, kiɗan rege na mutanen Jamaika. Waƙa ɗaya a ciki na taɓa jin ta a rediyo da wata murya mai laushi, amma nan an sake mata kiɗa, ganga na tafe a hankali kamar jaki da kaya. Ingilishin da muka koya a aji ya ishe ni in gane cewa mutum ne yake ce wa masoyiyarsa kada ta canza komai, yana son ta yadda take.

Na roƙi aron kaset ɗin. Layi-layi na rubuta waƙar a kayena na rubutun aji, ina mai da zaren kaset ɗin baya da bik, wato biro, don kada pil ɗin rediyo ya ƙare. Na juya ta Hausa, na kwafe sau uku har babu gogewa ko ɗaya.

Ranar kasuwa na bi amalanke zuwa Yekuwa. Bayan la'asar 'yar kawun nawa ta fito ƙofar gida da ƙwaryar wake tana tsincewa. Na buɗe takarda na karanta mata duka, ban ɗaga kai ba.

Ta ce, "Yaya, me ya same ni?"

Na ce babu komai.

"To me ya kawo kana sona yadda nake? Ido na rasa ko ƙafa?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Maganar da nake so in ji daga bakinta ita na ɗauko na kai mata. Na ninke takardar, na ce, "Ban ci jarrabawa ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Mun sani. Ranar da aka karanta sunaye a rediyo, Baba ya sa kowa ya yi shiru har aka gama. Inna ta ce wataƙila mai karatun ne ya tsallake layi."

"Kawu ya yi fushi?"

"Ya yi, da ka ƙi zuwa. Ya ce ko faɗuwa a kanka aka fara ta." Ta ture mini ƙwaryar. "Sa hannu, mushe. Idonka ya fi nawa ganin tsakuwa."

Na zauna bakin tabarma. Rabona da jin yunwa tun ranar sakamako, sai ga cikina yana ƙugi har ta ji. Ta yi dariya, ta leƙa zaure ta ce wa Inna a ƙara tuwo.